Kata ta yi kyau, amma a kumite yaro sai ya watse: ina gizo ke saƙar?

Kocin Bukuru:
Assalamu alaikum malamai da ɗalibai na wannan zaure. Ga wata magana ta karate da nake so mu baje ta a faifai tun kafin lokacin gasa ya matso. Za ka ga yaro mai koren bel ko mai ruwan ƙasa, in ya tsaya yin kata, wato jerin motsin da ake yi shi kaɗai ba abokin karawa, sai ka ce a sa shi a talabijin: tsayuwa daram, riga na ƙara in ya kai naushi, ihunsa na kiai har maƙwabta su ji. Amma da an ce "hajime" (a fara) a kumite, wato karawar mutum biyu, sai ƙafafu su haɗe wuri ɗaya, haɓa ta ɗaga sama, ido ya rufe, hannu ya koma wurgi irin na faɗan bakin famfo. Laifin katar ne, ko laifin yadda muke koyar da ita?

Sensei na Farin Gada:
Wa alaikumus salam Koci. Laifinmu ne, kada mu ɗora wa kata. Muna ɗauko yaro daga inda yake naushin iska shi kaɗai, mu jefa shi gaban wani da ke son fasa masa baki, ba tare da mun sa masa tsani a tsakani ba. Alhali tsanin yana nan a salon karate na Shotokan tun da daɗewa, gaggawar bel ce ta sa ake tsallake shi.

Matakin farko gohon kumite, taku 5. Mai kai hari ya faɗi inda zai kai, sama ko tsakiya, ya tako sau 5, mai karewa yana ja da baya yana tarewa, a na ƙarshe ya rama da gyaku-zuki, naushin hannun baya. Sai sanbon, taku 3, amma kowane taku da harinsa daban: fuska, ciki, shurin gaba. Sai kihon ippon, hari ɗaya, tarewa ɗaya, ramuwa ɗaya. Daga nan jiyu ippon, kuma a nan ne nake so a zauna a daɗe. Dukansu suna motsi cikin tsayuwar faɗa, mai hari ya sanar da abin da zai kawo, amma shi ke zaɓar lokacin da zai kawo shi. Wannan shi ne karo na farko da ɗalibi zai koyi jira ba tare da ya sandare ba. Mafi yawan kulob-kulob ɗinmu daga gohon ake tsalle zuwa jiyu kumite, faɗan sake-da-sake, shi ya sa ake ganin abin da ka faɗa.

Kuma ko gohon ɗin ma ana ɓata shi. Mai hari sai ya kai naushi gefen kunne don kada ya taɓa abokinsa, ko ya tsayar da shi taƙi guda kafin fuska. To me mai tarewa ya tare? Iska. Dole naushin ya nufi haɓa sosai, ta yadda in ba a tare ba zai taɓa. A rage gudu in ana tsoro, amma kada a karkatar da hanya.

Tsohon Ɗan Dambe, Gangare:
Ku yi haƙuri malamai, ni fa ban yarda da katar nan ba gaba ɗaya. A gidan dambe babu wanda ke tsayawa yana rawa shi kaɗai, amma ɗan dambe ya san tazara fiye da yaranku masu farar riga. Hannun gaba a buɗe, shi ne garkuwa, da shi ake auna nisan abokin karawa. Hannun baya da aka naɗe da kara da zare shi ne mashi, yana ajiye a baya har sai ƙofa ta buɗe. Turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Ina kata a nan?

Sensei na Farin Gada:
Baba, abin da ka zayyana ai shi ne kizami-zuki da gyaku-zuki, sunan ne kawai ya bambanta. Hannun gaba na auna tazara yana rufe ido, na baya na zuwa da nauyin jiki daga ƙugu. Kuma gaskiyarka, kata ba ta koyar da tazara, ba ta koyar da lokaci, domin babu mutum a gabanka. Abin da take koyarwa shi ne yadda za ka matsar da nauyinka daga ƙafa zuwa ƙafa ba tare da ka yi tangaɗi ba, yadda za ka juya, da yadda numfashi zai haɗu da bugu. Ɗan dambe yana koyon waɗannan ne da jikinsa, yana shan duka har ya gane. Mu kuwa yara 'yan shekara 9 iyaye ke kawo mana, ba za mu iya biyan wannan kuɗin makarantar ba.

Tsohon Ɗan Dambe, Gangare:
Na ji wannan. Amma hannun nan da kuke janyewa ƙugu in kun kai naushi fa? Wallahi in ka yi wa bahago haka a fili, kwab ɗaya za a ɗauke ka.

Kocin Bukuru:
Baba ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Sensei, amsa masa.

Sensei na Farin Gada:
Hikite ke nan. Hannun da ke komawa ƙugu ba fanko yake komawa ba, a asalin ma'anar yana riƙe da wani abu: hannun riga, wuyan hannu, ko damtsen abokin faɗa. Kana jawo shi yana tahowa, naushinka yana tarbarsa. In an koyar da kata ba tare da bunkai ba, wato fassarar motsin da mutum biyu, sai yaro ya ɗauka cewa ƙugu ne gidan hannu. To a kumite inda babu abin da ya riƙe, hannun da bai fita ba wajen haɓa ya kamata ya zauna, gwiwar hannu na rufe haƙarƙari.

Ga yadda za a gyara: a ɗauki gedan-barai (sharar ƙasa da hannu) da oi-zuki (naushin takowa gaba) na farkon katar Heian Shodan. A sa abokinsa ya riƙe masa wuyan hannu. Ya kuɓuce da sharar ƙasan, ya kama hannun, ya jawo yana takowa da naushi. Sau 10 dama, sau 10 hagu. Nan take a saka safar hannu, a ce ya yi wannan naushin a kan fad, wato matashin da ake riƙewa a buga, amma yanzu ɗaya hannun a haɓa, mai riƙe fad ɗin kuma ya riƙa ɗan marin gefen kansa duk lokacin da hannun ya sauka. Jiki na bambance su da wuri in aka jera su a rana ɗaya.

Ɗaliba Mai Ruwan Ɗorawar Bel:
Sensei, don Allah tunda an ambaci Heian Shodan. Juyin nan mai tsawo da ake yi bayan kiai na farko kullum sai na yi tangal-tangal, kuma ba na komawa inda na fara. Me ke jawo haka?

Sensei na Farin Gada:
'Yata, motsi 21 ne a katar, kiai a na 9 da na 17, kuma juyin da kike faɗa shi ne na 10, yana sake dawowa a na 18. Abu uku ke kayar da mutane a nan. Na farko, suna miƙewa tsaye kafin su juya, sai su sake faɗawa ƙasa. Ki bar ƙugunki a tsayi ɗaya, kamar akwai rufin ɗaki a saman kanki. Na biyu, suna jefa ƙafar baya da nisa kafin kai ya juya. Ki fara kallon inda za ki, ki jawo ƙafar hagu kusa da ta dama, nauyinki ya hau dama, sannan ƙugu ya juya ya kai ƙafar mazauninta. Na uku shi ne mafi yawa: ƙafar na sauka a layi ɗaya da ɗayar, kamar mai tafiya a kan igiya. Zenkutsu-dachi, doguwar tsayuwar da nauyi ke gaba, na buƙatar faɗin kafaɗa tsakanin ƙafafu. Ki zana layi biyu da alli a ƙasa, faɗin kafaɗarki, ki yi juyin kaɗai sau 20, kina duba ko kowace ƙafa ta sauka a layinta.

Rashin komawa inda kika fara kuwa, yawanci takun age-uke (tarewar sama) 3 na tafiya sun fi takun oi-zuki 3 na dawowa gajarta, ko akasin haka. Ki sa dutse a wurin farawa, ki ga ta wane gefe kike kaucewa.

Malamar Taikwando, Rayfield:
Sannunku. Mu ma muna da wannan ciwon tsakanin pumse, wato katarmu, da kyorugi, faɗanmu, har ma namu ya fi tsanani, domin a matakin gasa kusan an raba su gida biyu, mai pumse daban, mai faɗa daban. Pumsen Taeguk guda 8 ne kafin baƙin bel, sannan Koryo, kuma in ka duba su za ka ga hannu ya fi ƙafa aiki. A fili kuwa ƙafa ce ke kawo maki. Yadda aka ƙirga a wasannin Olamfik na Paris a 2024: naushin ƙirji maki 1, shurin jiki 2, shurin kai 3, shurin juyi a jiki 4, na juyi a kai 5. Wa zai tsaya naushi?

Don haka ni ba na yaudarar ɗalibi cewa pumse za ta ci masa faɗa. Abin da nake ɗauka daga cikinta shi ne ƙafar da ke ƙasa. Duk wanda dollyo-chagi ɗinsa, wato shurin da ke zagayowa ta gefe, ba ya da ƙarfi, kada ku kalli ƙafar da ta tashi, ku kalli wadda ta rage. In dunduniyarta ba ta juya ta fuskanci wajen abin da ake shura ba, ƙugu ba zai buɗe ba, shurin zai tashi a karkace ya bugi gwiwar hannun abokin karawa, ga kumburin bayan ƙafa. Mafi muni, gwiwar ƙafar da ke ƙasa ita ke shan murɗawar.

Gyaransa: ɗalibi ya dafa bango, ya ɗaga gwiwa gaba, ya juya a kan tudun gaban tafin ƙafar da ke ƙasa, ba a kan dunduniya ba, ya tsaya a haka daƙiƙa 3, ya miƙe ƙafar a hankali, ya naɗe ta, sannan ya sauke. Naɗewar nan kada a yi wasa da ita. Wanda ke barin ƙafa ta faɗo da kanta bayan shuri, yana sauka ne da nauyinsa gaba, fuska a buɗe. Sau 15 kowace ƙafa, sahu 3, kafin a taɓa fad.

Kuma masu cewa sai gajere mai sauri ne ke iya wasan nan, su tuna Chika Chukwumerije a ajin masu nauyi sama da kilo 80 ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008.

Kocin Bukuru:
Anti, wannan na ƙafar ƙasa haka yake a mawashi-geri ɗinmu. Sai dai akwai abin da ke hana yara juyawa wanda ba laifinsu ba ne: filin. A kan siminti mai kaushi, fatar ƙafa ke kamawa, yaro ya juya sau biyu ta ɗaye, daga nan jikinsa ya ƙi. A kan tayil kuma lokacin hunturu, ƙura ta kwanta, santsi kamar an zuba kuɓewa.

Mai Judo, Dilimi:
Shi ya sa nake roƙon ku masu karate, in ba ku da katifa ku daina koyar da sharar ƙafa a kumite. Ashi-barai a kan siminti ba wasa ba ne, ƙeya ce ke fara sauka. Katifun roba masu haɗewa mita 1 ne kowace. Cikakken filin gasa mita 8 ne ta kowane gefe, guda 64 ke nan, in an ƙara mita 1 na kariya a zagaye sun zama 100. Ba kowa ke da wannan kuɗin ba. Amma guda 16 sun ba ka mita 4 ta kowane gefe, sun ishi mutum biyu su yi ta karɓa-karɓa. Sai dai ku sani ta karate siririya ce, ta ishi shara da faɗuwa kaɗan, ba ta ɗaukar jifa daga kafaɗa.

Kuma kafin yaro ya koyi kayar da wani, ya koyi faɗuwa. Ukemi na baya: haɓa a manne da ƙirji, ido na kallon ƙullin bel, baya a lanƙwashe, hannaye su mari ƙasa kusa da jiki, ba a buɗe kamar fiffike ba. A fara daga kwance, sai zaune, sai tsugune, sannan tsaye. Wanda ya kai tafin hannu baya don ya tokare, wuyan hannu ko gwiwar hannu ce za ta biya.

Kan ainihin tambayar Koci kuma, mu Jigoro Kano ya bar mana amsa tun da ya kafa Kodokan a 1882: kata da randori, wato karawar atisaye ta sake-da-sake, tare suke tafiya, kuma kowace jifa kashi uku ce, kuzushi, tsukuri, kake. Ka ɓata masa tsayuwa, ka shiga, sannan ka jefa. Ɗalibi na son na ukun kawai. Ku ma haka ne, yaro na son naushin da zai ci maki, bai yi abin da zai buɗe ƙofar ba.

Ɗalibi daga Anguwar Rogo:
Malamai ina da tambaya amma a gefe take. Sunkuyawar da ake yi kafin a fara, wasu iyaye na cewa ta yi kama da ruku'u, har suna hana yara zuwa.

Kocin Bukuru:
Ƙanina, wannan hukuncinsa na malaman addini ne, a kai musu. Abin da ke hannun koci shi ne kada ya tilasta wa yaro a wajen atisaye, ya kuma gaya wa iyaye tun farko cewa a gasa dokar wasa na neman gaisuwar. Mu koma kan ido da ke rufewa, don har yanzu ba a taɓa shi ba.

Malamar Taikwando, Rayfield:
Rufe ido ba tsoro ba ne kaɗai, halitta ce, kowa da ita aka haife shi. Ba a cire ta da tsawa. Ana rage ta ne da saba wa ido ganin abu na tahowa a gudun da ƙwaƙwalwa za ta iya bi. A tsayar da ɗalibi bayansa a bango, hannu a sama. Abokinsa da safar hannu ya riƙa kawo naushi madaidaici a hankali ƙwarai, kamar kashi 3 cikin 10 na gudunsa, yana taɓa goshi kawai. Minti 1 yana kallo ba ya tarewa, minti 1 yana kaucewa da kai, minti 1 yana tarewa, sai a sauya. Idonsa a kan ƙirjin abokin ko maƙogwaro, ba a kan safar ba. Wanda ke bin hannu da ido, da an yi masa ƙaryar hannu ya tafi. Daga ƙirji kuwa kana hango kafaɗu biyu da ƙugu, kuma su ke fara motsi kafin hannu ko ƙafa.

Sai a kula da wanda ake haɗa shi da shi. Sabon ɗalibi biyu in aka haɗa su, babu mai iya riƙe hannunsa, nan ake fasa hanci. A haɗa sabo da babba mai hankali, a kuma duba nauyi, kada a haɗa yarinya mai kilo 40 da saurayi mai 65 a ce wai ta saba.

Alƙalin Wasa:
Bari in shigo ta ɓangarenmu, don da yawa daga abin da kuke kira rashin adalci a gasa, rashin sanin doka ne. A dokar hukumar karate ta duniya, naushi mai kyau yuko ne, maki 1. Shurin jiki waza-ari, maki 2. Shurin kai, ko bugun wanda ya riga ya faɗi, ippon, maki 3. Manya minti 3 suke yi, in tazara ta kai maki 8 an tashi. In aka tashi kunnen doki, wanda ya fara cin maki ba tare da an rama a lokacin ba, wato mai senshu, shi ke da nasara.

Amma taɓawa kaɗai ba ta kawo maki. Abu 6 muke dubawa: kyawun sigar bugun, ɗabi'ar wasa, kuzari, zanshin, lokaci, da tazara. Wanda yaranmu suka fi faɗuwa a kai shi ne zanshin, wato zama a shirye, ido a kan abokin karawa, bayan bugu. Yaro ya kai gyaku-zuki mai kyau, sai ya juya baya yana ɗaga hannu yana kallon kocinsa. Babu tuta, wato babu maki. Wani kuma ya kai naushin yana kawar da fuska gefe, ido a rufe. Shi ma babu. To ku duba, wannan tsayawar da ake yi a ƙarshen kata, ido a gaba, jiki a shirye kafin a ce "yame" (a tsaya), ita ce dai ake nema a nan. Ga wuri ɗaya da kata ke shiga kumite kai tsaye, Baba na Gangare.

Sai riƙe hannu, wato kame ƙarfin bugu. A wasan ƙarshe na masu nauyi sama da kilo 75 a Olamfik na Tokyo, wanda aka yi a 2021, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da maki, ya kai shurin sama da ya sumar da Sajad Ganjzadeh na Iran. Aka kore shi, zinare ya tafi Iran, shi ya tashi da azurfa. Duk kocin da ke yi wa yaro kirari in ya zubar da abokin atisaye, ya san abin da yake shuka masa.

Tsohon Ɗan Dambe, Gangare:
Ikon Allah. A ce ka kashe mutum kuma a ba shi kambu. Wannan wasa naku sai ku.

Alƙalin Wasa:
Haka dokar take Baba, kowane gida da al'adarsa. Kuma riƙe shuri mai gudu dab da fuska ya fi sake shi wuya.

Mai Gashin Ƙashi:
Tunda an zo kan suma, ku ba ni dama. Hular kariya na rage tsagewar fata da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Ko a damben zamani, maza sun yi wasannin Rio na 2016 ba hula. Don haka kada a sa wa yaro hula a ce yanzu a sake hannu. Wanda ya sha bugu a ka, ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ya kasa faɗin abin da ya faru, ko yana tafiya kamar mai maye, ya gama atisaye a ranar, ko da ya rantse ya warke. Ba sai ya suma ba. A kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai a daren, kuma likita ne zai ce ya dawo, ba koci ba. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai haɗarin gaske. Robar haƙori kuma dole ce: a tsoma ta a ruwan zafi kamar yadda kwalinta ya nuna, a ciza, a danna da yatsa da harshe ta kama haƙoran sama. Ba a aron ta.

Sai sanyin garin nan. Jos na kan tudu kusan mita 1,200, kuma kun san yadda asubar Disamba da Janairu take. Kuskuren da ake yi shi ne a zo da sanyin jiki a zauna a buɗe ƙafafu, wani ya hau baya yana dannawa. Nan naman bayan cinya da na matsematsi ke yagewa, kuma suna daɗewa ba su warke ba. A fara da gudu kaɗan ko tsallen igiya minti 8 zuwa 10 har gumi ya tsatso, sai lilo da ƙafa gaba da gefe, ana ƙara tsayi a hankali. Miƙewar da ake zama a riƙe daƙiƙa 30 a bar ta sai ƙarshe, lokacin da jiki ya yi laushi.

Gwiwa kuma: a kowace tsayuwa, ƙoƙon gwiwa ya kalli inda yatsun ƙafa ke kallo. A kiba-dachi (tsayuwar hawan doki) da kokutsu-dachi (tsayuwar da nauyi ke baya) ne ake ganin gwiwa na faɗawa ciki. In yaro ba zai iya riƙe ta ba, a ɗaga tsayuwar sama kaɗan, a ƙarfafa ɗuwawu da cinya tukuna. Naushin iska kada a ƙulle gwiwar hannu gaba ɗaya. Kuma dunƙulen hannu ya sauka da gaɓoɓin manuniya da na tsakiya. In ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, ƙashin bayan hannun nan ne ke karyewa. Yara masu tasowa kuma a raba su da dukan katako ko bango don wai hannu ya yi ƙarfi, ƙashinsu bai gama haɗewa ba.

Sensei na Farin Gada:
Malam na gode da maganar ɗaga tsayuwa. Ana faɗin kashi 60 a ƙafar gaba a zenkutsu, kashi 70 a ta baya a kokutsu, rabi da rabi a kiba-dachi. Lissafin nauyi ne wannan, ba gasar wa ya fi kusa da ƙasa ba. Doguwar tsayuwa ta horo ce, tana gina ƙafa. A kumite kana tsaye a gajeriya, nauyi a tudun tafin ƙafa, sai a daidai lokacin da gyaku-zuki ya sauka ne zenkutsu ke bayyana, ƙiftawar ido, ka janye. Yaron da ya dasa kansa a doguwar tsayuwa yana jira, an share masa ƙafar gaba an gama.

Kocin Bukuru:
To a haɗa mana shi a aikace. Minti 90 ne da mu, sau 3 a mako, yara kusan 20, fad guda 4. Yaya za a raba?

Sensei na Farin Gada:
Ni dai ga yadda nake ganin ya fi. Minti 15 ɗumama jiki yadda Malam ya ce. Minti 15 kihon, wato atisayen motsin tushe, amma abu biyu kawai, kuma su fito daga katar ranar. Minti 15 kata: sau 2 da ƙirga, sau 2 ba ƙirga, sannan a ciro gutsure ɗaya a yi ta maimaitawa. Minti 15 wannan gutsuren da abokin aiki, da farko ba turjiya, daga baya abokin ya ɗan ƙi. Minti 20 jiyu ippon da kumite mai sharaɗi. Minti 10 na ƙarshe miƙe jiki da gyara.

Mai sharaɗin nan shi ne inda ake samun riba. Zagaye na minti 1 da rabi, a ce wannan hannun gaba kaɗai zai yi amfani da shi, wancan ramuwa kaɗai. Ko a ce ɗaya bayansa na bakin layi, in ya fita ya faɗi, dole ya koyi zamewa gefe maimakon ja da baya a miƙe. Ko a ce babu maki sai bugu na biyu, don a kashe ɗabi'ar kai ɗaya a tsaya kallo. Kumite na sake-da-sake sau ɗaya a mako ya isa, shi ma da rabin ƙarfi.

Fad 4 ga yara 20 kuwa, layi 4 na mutum 5, kowa bugu 5 ya koma baya, mai riƙewa ya sauya bayan kowane zagaye. Riƙe fad ma darasi ne, nan ake koyon ganin kafaɗa na motsi.

Malamar Taikwando, Rayfield:
Na yarda da duka sai abu ɗaya, Sensei. Ka ajiye faɗan a ƙarshe lokacin da yara sun gaji, kuma gajiya ce ke kawo rauni da mummunar ɗabi'a. Ni zan dawo da shi bayan kihon, kata ta koma baya. Kata cikin gajiya ba ta fasa wa kowa hanci, har ma tana nuna maka wanda tsayuwarsa ta gaskiya ce.

Sensei na Farin Gada:
Akwai gaskiya a nan Hajiya. Sai dai in faɗa ya riga kata, gutsuren da nake so su gwada a faɗan ba su riga sun taɓa shi ba.

Malamar Taikwando, Rayfield:
Sai su gwada na ranar da ta wuce. Litinin a koya, Laraba a gwada da sabon jiki.

Ɗalibi daga Anguwar Rogo:
Malamai, da azumi fa? Wasu kulob na rufewa gaba ɗaya.

Mai Gashin Ƙashi:
Ba sai an rufe ba. Kafin shan ruwa a yi mara nauyi, minti 40 zuwa 45: kata a hankali, bunkai, gyaran tsayuwa, babu faɗa, babu tsalle-tsalle. Mai nauyin a kai shi bayan tarawihi, an sha ruwa, abinci ya ɗan faɗa. Wanda ya ji jiri ya zauna, kada a ce masa ragwanci ne.

Ɗaliba Mai Ruwan Ɗorawar Bel:
Sensei na zana layukan na gwada. Ƙafar na sauka a layinta yanzu, amma hannun sharar na riga ƙafar isa.

Sensei na Farin Gada:
Kina sakin hannun ne tun kina tsakiyar juyi. Ki riƙe dunƙulen hagu a kafaɗar dama har sai ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, sannan hannu da ƙugu su tafi tare. Ki raba shi gida biyu da ƙirga, ɗaya ƙafa, biyu hannu, sau 20. In ya zauna sai ki haɗe ƙirgar ta zama ɗaya. Ki sa wani ya ɗauke ki bidiyo daga gaba, ba daga gefe ba, ki turo mu gani.